John Chilembwe: Daga Mumbarin Mbombwe zuwa Boren 1915

Ƙasar da ake kira Malawi a yau ta shiga hannun Birtaniya a shekarar 1891, kuma daga 1907 aka riƙa kiranta Nyasaland, sunan da aka ɗauko daga babban tafkin da ya miƙe a gabashinta. Tun kafin jami'an mulkin mallaka su kafa hedkwatarsu a Zomba, 'yan mishan na Sikotilan da suka biyo sawun David Livingstone sun riga sun girke tashoshinsu a Blantyre da Livingstonia, sannan kamfanin African Lakes, wanda attajiran birnin Glasgow suka kafa a 1878, ya riƙe harkar sufuri da ciniki a bakin tafkin. Mayaƙan wannan kamfani ne Frederick Lugard ya jagoranta a Karonga a 1888, inda aka ji masa mummunan rauni, shekara goma sha biyu kafin ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja. Kwamishinan farko na ƙasar, Harry Johnston, ya ba Turawa takardun shaidar mallakar manyan filaye a tsaunukan Shire da ke kudu, inda ƙasa ta fi kyau kuma iska ta fi sanyi, bisa hujjar cewa sun saye su daga hannun sarakuna, alhali a al'adar mutanen wurin sarki ba ya da ikon sayar da ƙasa, amanarta kawai yake riƙe da ita. A cikin wannan yanki, kusa da dutsen Chiradzulu, aka haifi John Chilembwe a wajen shekarar 1871, mahaifinsa ɗan ƙabilar Yao, mahaifiyarsa kuma 'yar Mang'anja.

Rayuwarsa ta sauya a 1892, lokacin da ya kama aikin gida a wajen Joseph Booth, wani Bature ɗan ɗariƙar Baftis, haifaffen Ingila, wanda ya iso daga Ostireliya tare da ƙaramar 'yarsa Emily. Baftis ɗariƙa ce ta Kiristoci da ba ta yi wa jarirai baftisma, wato wankan shiga addini, sai mutum ya girma ya furta imaninsa da bakinsa, kuma kowace majami'a a cikinta ita ke gudanar da al'amuranta ba tare da wani bishof a kanta ba. Wannan tsari na cin gashin kai ya yi tasiri a duk abin da Chilembwe ya gina daga baya. Booth mutum ne da bai iya zama lafiya da sauran Turawa ba, domin yana biyan ma'aikatansa ladan da ya ɗara na masu manyan gonaki, yana sukar 'yan mishan ɗin Blantyre a kan jin daɗin da suke ciki a tsakiyar talakawa, kuma a 1897 ya wallafa wani ɗan littafi mai suna Africa for the African, wanda takensa kaɗai, cewa Afirka ta 'yan Afirka ce, ya isa ya sa hukuma ta sa masa ido. Chilembwe ya yi masa girki da tafinta, ya yi jinyar Emily lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita, aka yi masa baftisma a 1893, sannan a 1897 Booth ya tafi da shi Amurka.

A can ne hanyarsu ta rabu. Majami'un Baftis na baƙar fata, ƙarƙashin babbar ƙungiyarsu ta National Baptist Convention, suka ɗauki nauyin karatun saurayin a makarantar horar da fastoci ta baƙaƙe da ke Lynchburg a jihar Birjiniya, kuma suka nuna wa Booth cewa sun fi son su riƙe ɗan'uwansu da kansu. Zamanin ya zo daidai da lokacin da jihohin kudancin Amurka ke tsaurara dokokin wariyar launin fata, ana ƙwace wa baƙaƙe ƙuri'ar da suka samu bayan yaƙin basasa, gungun fararen fata kuma na rataye mutane ba tare da shari'a ba. Amsar da ta fi karɓuwa a tsakanin malaman baƙaƙe a lokacin ita ce ta Booker T. Washington, wanda ya koyar da cewa ilimi da sana'ar hannu da tsimi da kamun kai su ne za su saya wa baƙar fata mutunci sannu a hankali, ba tare da fito-na-fito ba. Sai dai a wannan jiha ta Birjiniya ne kuma aka rataye John Brown a 1859, Baturen da ya kai hari rumbun makamai na Harpers Ferry da nufin tayar da bayi, kuma labarinsa yana nan daram a bakin mutanen da Chilembwe ya zauna a cikinsu. Da darasin Washington ya koma gida a 1900, yana naɗaɗɗen fasto, kuma a kansa ya yi aiki shekara goma sha huɗu.

Ya sayi fili na kusan eka 100 a Mbombwe, cikin lardin Chiradzulu, ya kafa mishan mai suna Providence Industrial Mission. Abin da ake nufi da mishan na sana'a a wancan zamani shi ne tasha da ke haɗa wa'azi da makaranta da noma da koyar da aikin hannu, domin ta riƙe kanta da guminta maimakon jiran sadaka daga waje. Baƙaƙen Amurka biyu, Landon Cheek da Emma DeLaney, sun zo sun taimaka masa har zuwa 1906. An shuka auduga da kofi da barkono, matarsa Ida tana koya wa mata ɗinki, kuma zuwa 1912 makarantun mishan ɗin da ke warwatse a ƙauyuka suna da ɗalibai kusan 1,000, ban da manya da ke ɗaukar darasi. Chilembwe ya hana mabiyansa shan giya, ya matsa musu a kan tsabta da sutura, shi kansa kuma hotunansa da suka saura suna nuna shi cikin kwat da taye da takalmi, matarsa cikin doguwar riga irin ta matan Turawan zamanin. A 1909 yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiya ta ƙananan 'yan kasuwa da manoma baƙaƙe, domin su kare junansu a ciniki da gaban kotu. Abin da ya fi alfahari da shi shi ne babbar majami'ar jan bulo da mabiyansa suka gina da hannunsu, wadda aka kammala dab da ɓarkewar yaƙin duniya na farko, kuma girmanta ya sa ana gwada ta da manyan gine-ginen Turawan mishan.

Duk wanda ya dubi wannan aiki zai ga cewa babu abin da ya saɓa wa manufar da Turawa suke cewa ita ta kawo su, wato yaɗa addini da ilimi da wayewa. Matsalar ita ce maƙwabcinsa. Arewa da Mbombwe akwai gandun Magomero, mai faɗin fiye da eka 150,000, mallakar iyalan Alexander Low Bruce, surukin David Livingstone, kuma manajan da ke riƙe da shi, William Jervis Livingstone, shi ma yana da dangantaka ta nesa da wannan gida. Ana noma auduga da taba a gandun ta hanyar tsarin da ake kira thangata. A harshen mutanen wurin kalmar tana nufin taimako, irin wanda maƙwabta ke yi wa juna a gona ko talakawa ke yi wa sarkinsu, abin da ya yi kusa da gayya a ƙasar Hausa, amma masu gandu suka mayar da ita sunan aikin da mazaunin filinsu zai yi musu a madadin kuɗin haya. A takarda, wata guda ne na haya da wata guda na harajin ɗaki, wato kuɗin da gwamnati ta ɗora a kan kowace bukka, wanda ya kai sule 8 a 1912, ana rage rabinsa ga wanda ya yi wa Bature aikin wata ɗaya. A aikace kuwa ba a ƙirga wata da kwanakin kalanda, ana ƙirga shi da ayyukan da aka yanka wa mutum, idan bai gama yankin yini ba sai a ƙi sa masa alama a tikiti, har wata biyu su zama huɗu ko fiye, kuma a daidai damina, lokacin da gonarsa ke jiransa. Sau da yawa ana biyan lada da ganyen taba maimakon kuɗi, bulala kuma abu ce ta yau da kullum.

Mafi yawan waɗanda wannan nauyi ya faɗa wa 'yan ƙabilar Lomwe ne, waɗanda suka tsallako daga Mozambik suna gudun zaluncin Turawan Fotugal da yunwa. Da yake baƙi ne, ba su da wata gona ta gado da za su koma, ba su da sarkin da zai tsaya musu, saboda haka duk sharaɗin da mai gandu ya gindaya sai su karɓa. Su ne suka cika majami'ar Chilembwe, domin a wurinsa 'ya'yansu za su koyi karatu. Masu gandun Magomero sun hana buɗe makaranta ko majami'a ta kowace ɗariƙa a filinsu, bisa ra'ayin da ba su ɓoye ba cewa ilimi yana ɓata ma'aikaci, kuma da mabiyan Chilembwe suka kafa ɗakunan ibada na ciyawa a ƙauyukansu da ke cikin gandun, sai aka banka musu wuta. Ƙorafin da Chilembwe ya kai wa hukuma bai haifar da komai ba, tunda a doka fili na mai shi ne.

Akwai kuma maganar hula, wadda a ido ƙarama ce amma ta fi komai fito da ainihin rikicin. Turawan Nyasaland sun ɗauka wajibi ne duk baƙin mutum da ya haɗu da Bature a hanya ya cire hularsa ya rusuna, ko ya san shi ko bai san shi ba, ba tare da Baturen ya amsa gaisuwar ba, kuma wanda ya ƙi yana iya shan duka nan take. Wanda ke sa hula irin ta Turawa da takalmi a lokacin shi ne malamin makaranta da akawu da fasto da ɗan kasuwa, wato daidai mutanen da suka bi shawarar da aka ba su ta yin karatu da gyara kai. Ma'aikacin gandu mai ɗaure da ƙyalle bai tsone wa kowa ido ba, mai kwat shi ne ake gani ya wuce gona da iri. Ta haka kowane mataki da Chilembwe ya ɗauka don ya nuna cewa baƙar fata na iya abin da Bature ke iyawa, daga makaranta zuwa sutura zuwa ginin bulo, sai ya zama ƙarin laifi a wurin waɗanda yake son su shaida. Wannan ne ya rushe dabarar da ya taho da ita daga Amurka, domin dabarar ta ginu ne a kan zaton cewa akwai alƙalin da zai ga ƙoƙari ya saka da adalci.

Shekarun 1912 da 1913 sun zo da yunwa, kuɗin da ke zuwa daga Amurka ya ja baya, bashi ya taru a kansa, ciwon asma ya matsa masa, idanunsa suka fara rauni, 'yarsa kuma ta rasu. Ana cikin haka yaƙin duniya ya iso bakin tafkin, tunda arewacin Nyasaland na iyaka da mulkin mallakar Jamus na Gabashin Afirka, inda Tanzaniya take a yau. A watan Satumba na 1914 aka gwabza a Karonga, kuma mafi yawan gawarwakin ɓangarorin biyu na baƙaƙen sojoji ne, sannan gwamnati ta shiga kwasar 'yan dako, waɗanda ake kira tenga-tenga, don ɗaukar kayan yaƙi a ka. Chilembwe ya daɗe yana adawa da tura sojojin ƙasarsa yaƙe-yaƙen Ingila a ƙasar Asante da Somaliya. A watan Nuwamba ya aika wa jaridar Nyasaland Times wasiƙa, yana tambayar abin da 'yan ƙasa za su samu bayan sun zubar da jininsu, yana cewa a lokacin zaman lafiya komai na Turawa ne amma a lokacin yaƙi sai a tuna da baƙar fata, kuma yana ba da shawarar a bar attajirai da masu filaye su je su yi yaƙinsu da kansu, maimakon talakawan da ba za su bar wa matansu da marayunsu komai ba sai bashin haraji. Hukumar tace labarai ta lokacin yaƙi ta sa aka cire wasiƙar, gwamnati kuma ta fara shirin korarsa daga ƙasar. Wannan wasiƙa ita ce maganarsa ta ƙarshe da hukuma ta hanyar alƙalami.

A watan Disamba da farkon Janairu aka riƙa yin taruka a asirce a Mbombwe. Cikin manyan waɗanda suka shiga akwai John Gray Kufa, dikon ne a majami'ar Sikotilan ta Blantyre kuma ƙwararren ma'aikacin asibiti, da Duncan Njilima, ɗan kasuwa mai shaguna da gona, da David Kaduya, tsohon soja wanda ya riƙe ɓangaren faɗa. Jerin sunayen kaɗai ya nuna cewa jagororin boren su ne waɗanda suka fi cin moriyar ilimin mishan. A daren Asabar, 23 ga Janairu 1915, aka raba mayaƙa, mafi yawansu da masu a hannu. Ƙungiya ɗaya ta nufi Blantyre don fasa rumbun makaman kamfanin African Lakes, amma aka farga da su, suka tsira da 'yan bindigogi ƙalilan. Wata ta shiga gidan manaja a Magomero, ta kashe William Jervis Livingstone a gaban iyalinsa ta sare kansa, aka kuma kashe wasu ma'aikatan gandun biyu, Duncan MacCormick da Robert Ferguson. Matan Turawa da 'ya'yansu da aka kama ba a taɓa lafiyarsu ba, bisa umarnin Chilembwe, kuma aka sake su bayan 'yan kwanaki. Washegari Lahadi ya jagoranci ibada a majami'arsa, kan Livingstone yana kafe a kan sanda a gaban jama'a, abin da ko masu ƙaunarsa a cikin masana tarihi suke ambatawa da nauyin baki.

Daga nan al'amarin ya wargaje da sauri. Tashin da aka shirya a Ncheu ƙarƙashin Filipo Chinyama bai yi nisa ba, sarakunan Yao, waɗanda da yawansu Musulmi ne, ba su shiga ba, haka ma yawancin Ngoni, kuma saƙon neman taimako da aka aika wa Jamusawa bai kawo komai a kan lokaci ba. Mayaƙan sun kori farmakin farko da sojoji suka kai Mbombwe, sun kuma ƙona tashar mishan ɗin Katolika ta Nguludi a ranar 26 ga wata, amma a wannan rana sojojin gwamnati da Turawa 'yan sa-kai suka shiga Mbombwe suka tarar mutane sun watse. Aka sa nakiya aka rushe majami'ar bulon. Ranar 3 ga Fabrairu 'yan sanda baƙaƙe da ke sintiri suka harbe Chilembwe a yankin Mulanje, yana kan hanyar tsallakawa Mozambik, aka binne shi ba tare da alama a kabarinsa ba don kada wurin ya zama abin ziyara. Rashin kabarin ya sa shekaru da yawa wasu mabiyansa suna cewa bai mutu ba. An zartar da hukuncin kisa a kan mutum kusan 40, ciki har da Kufa da Njilima, aka ɗaure kimanin 300, ban da waɗanda aka harbe a daji ba tare da shari'a ba da ƙauyukan da aka ƙona.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan abin da yake nufi da wannan tashi. George Shepperson da Thomas Price, waɗanda littafinsu na 1958 ya zama tushen duk binciken da ya biyo baya, sun ga manufa biyu a tare, wato kafa gwamnatin 'yan ƙasa idan an yi nasara, ko kuma nuna wa duniya da jini cewa tura ta kai bango idan ba a yi ba. George Mwase, ɗan Nyasaland da ya rubuta labarin a farkon shekarun 1930 bisa abin da ya ji daga wani da ya halarci tarukan, ya ce Chilembwe ya kawo wa mutanensa misalin John Brown, ya kuma gaya musu cewa mutuwa ce a gabansu. Wasu kuma sun jingina abin ga wa'azin ƙarshen duniya da Elliot Kamwana ya yaɗa a arewacin ƙasar tun 1908, wanda ya sa rai ga shekarar 1914, ko da yake koyarwar Chilembwe ta tsawon shekaru ta Baftis ce tsantsa. Yadda shirin ya kasance da rauni, da yadda jagoransa ya zauna a Mbombwe yana addu'a maimakon ya ja mutanensa zuwa tsaunuka tun da wuri, sun fi ƙarfafa fahimtar Mwase, amma wanda ya aika manzo wurin Jamusawa bai gama yanke ƙauna daga nasara ba.

Kwamitin binciken da gwamnati ta naɗa ya miƙa rahotonsa a 1916. Ya amince cewa yadda ake tafiyar da gandun Magomero ya yi tsanani, amma ya tattara laifin a kan manajan da ya riga ya mutu, ya kauce wa tsarin thangata kansa, sannan ya ɗora sauran alhakin a kan koyarwar Booth da majami'un da ba su da Bature a kansu. Alexander Hetherwick, shugaban mishan ɗin Blantyre, ya kare ilimin baƙar fata a gaban kwamitin, ya kuma tayar da maganar hula, yana nuna cewa idan ana son baƙi su gaida Bature to wajibi ne Bature ya amsa. Dokar da aka yi a 1917 don mayar da hayar fili ta kuɗi ta mutu a hannun masu gandu, thangata kuma bai kau ba sai a 1962, shekara biyu kafin samun 'yancin kai. Mishan ɗin Mbombwe ya zauna a rufe har 1926, lokacin da aka ba Daniel Sharpe Malekebu, tsohon ɗalibin makarantar wanda ya karanta likitanci a Amurka, izinin sake buɗe shi, da sharaɗin nisantar siyasa.

Malawi mai 'yanci ta ɗauke shi a matsayin uban kishin ƙasa, duk da cewa boren nasa bai wuce 'yan larduna na kudu ba. Ranar 15 ga Janairu hutu ce da sunansa, kuma daga 1997 zuwa 2012 fuskarsa ce a kan dukkan takardun kuɗin ƙasar, wato kwacha. A watan Satumba na 2022 aka kafa wani mutum-mutumi na tagulla a dandalin Trafalgar da ke tsakiyar Landan, aikin Samson Kambalu, ɗan Malawi mai koyarwa a jami'ar Oxford, wanda ya ɗauko siffar daga wani hoto da aka ɗauka a 1914 a gaban sabuwar majami'ar Mbombwe. A hoton, Chilembwe yana tsaye kusa da abokinsa John Chorley, Bature ɗan mishan, kowannensu da hula a kansa. Kambalu ya bar Chorley a daidai tsayin mutum, ya yi Chilembwe kusan ninki biyu, kuma ya bar masa hular.